Filin Tambaya da Amsa: Na'urorin Zamani a Hannun Malami

Wasiƙun da suka zo mana a wannan karon sun fi karkata ga abu guda: na'urori sun shigo makarantu, malamai kuma suna neman yadda za su ci moriyarsu a cikin aji. Mun ɗauki shida, mun taƙaita su saboda ƙarancin fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina koyar da lissafi a ƙaramar sakandare, ɗalibaina sun kai 60 a aji ɗaya. Ba mu da kwamfuta, ba mu da majigi, daga ni sai wayata da 'yar datar da nake sakawa. Duk lokacin da na ce "kun gane?" sai su amsa da "e" baki ɗaya, ranar jarrabawa kuma a ga akasin haka. Shin waya ɗaya za ta iya yi mini wani abu? Daga wani malamin lissafi.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Za ta iya ƙwarai. Babu yaron da zai so ya ɗaga hannu a gaban 'yan'uwansa 59 ya ce shi ne bai fahimta ba, don haka "kun gane?" ba za ta taɓa gaya muku gaskiya ba. Abin da kuke buƙata shi ne hanyar da kowa zai ba da amsarsa a lokaci ɗaya, ku kuma ku gan ta nan take.

Akwai manhajar Plickers da aka yi don irin wannan ajin. Ɗalibai ba sa riƙe waya, kati suke riƙewa. Kowane kati yana da baƙin zane mai kusurwa huɗu da lambarsa ta daban, a gefunansa huɗu kuma an rubuta A, B, C, D da ƙananan baƙaƙe, ta yadda na kusa da yaro ba zai gane abin da ya zaɓa ba. Za ku buɗe asusu a shafinsu, ku shigar da sunayen ajin, kowane suna ya samu lambar kati, sannan ku buga katunan a farar takarda mai kauri. Idan kun rubuta tambaya a allo, yaro zai juya katinsa har baƙin da ya zaɓa ya koma sama, ya ɗaga. Ku kuma ku tsaya a gaba ku bi ajin da kyamarar waya daga wannan gefe zuwa wancan. Kafin minti ɗaya kun san mutum nawa suka zaɓi kowace amsa, kuma su wane ne. Katunan 63 ne iyakarsu, in aji ya haura haka sai a haɗa yara biyu-biyu a kan kati ɗaya.

Abubuwan da ke ɓata aikin sanannu ne. Idan aka lulluɓe katin da leda mai ƙyalli, haske zai riƙa dawowa cikin kyamara ta kasa karantawa. Yatsa a kan zanen ko katin da ya lanƙwashe shi ma haka. Idan taga tana bayan ɗalibai, ku sauya wurin tsayuwa, hasken ya zama a bayanku. Na layin baya a buga musu manyan katuna. A rubuta sunan kowa a bayan katinsa, domin da zarar an yi musaya, makin wani zai tafi kan sunan wani.

Amma mafi yawan aikin yana cikin tambayar da za ku rubuta. A ce rabi a tara da sulusi, wato 1/2 + 1/3. Ku sa A ta zama 2/5, B 5/6, C 2/6, D kuma 1/6. Wanda ya zaɓi A ya tara na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Mai C ya gane cewa 6 ce za ta zauna a ƙasa, sai dai bai sauya lambobin sama ba. Mai D ninkawa ya yi maimakon tarawa. Kowace amsa da ba daidai ba tana nuna muku takamaiman inda yaro ya kauce. Idan kuka cika zaɓin da lambobin da babu mai zaɓarsu, kun yi asarar tambayar.

Bayan kun ga sakamako fa? Eric Mazur, malamin kimiyyar fiziks a Jami'ar Harvard da ke Amurka, ya fito da wata hanya tun farkon shekarun 1990 wadda har yau ake bi. Idan sama da kashi 70 cikin 100 sun samu daidai, a yi gajeren bayani a wuce. Idan ba su kai kashi 30 ba, a sake koyar da abin ta wata fuskar, ba a maimaita bayanin ɗazu da ƙarfin murya ba. Idan kuwa suna tsakani, kada ku faɗi amsar. Ku ce kowa ya juya ga na kusa da shi ya gamsar da shi cikin minti biyu, sannan a sake ɗaga kati. Tambaya biyu ko uku irin wannan sun ishi darasin minti 40. Ranar da data ta ƙare, takardu huɗu masu manyan baƙaƙe a hannun kowane yaro za su yi kusan wannan aikin, illa dai da ido za ku ƙirga, kuma masu leƙen na gaba za su samu dama.

TAMBAYA: Wata ƙungiya ta ba makarantarmu kwamfutocin hannu guda 40. Yau wata biyar ke nan suna kulle a sito cikin kwalayensu, saboda ba mu da intanet kuma ina tsoron yara su lalata su. Ta ina zan fara? Daga wata shugabar makarantar firamare.

AMSA: Malama, ku fara da buɗe kwalayen a wannan makon. Batirin da ke cikin irin waɗannan na'urori yana zubar da cajinsa a hankali ko ba a kunna shi ba, idan kuma ya daɗe babu caji ko kaɗan yakan mutu gaba ɗaya. Ku yi wa kowace caji, ku kunna ta, ku manna mata lamba daga 1 zuwa 40, ku rubuta lambar da ke jikinta a rajista. Wadda bayanta ya kumbura a ware ta, kada a sake jona ta da wuta. Idan za a tafi dogon hutu, a ajiye su da kusan rabin caji a wuri mai sanyi. Kowace caja tana jan wajen wat 10, duka 40 ɗin wat 400 ke nan, amma a raba su kan soket da yawa masu inganci, kada a jona sarƙar soket ɗaya a bayan ɗaya.

Rashin intanet ba ya hana aiki. Manhajar Kolibri, wadda ƙungiyar Learning Equality ta yi kuma kyauta ce, an gina ta ne don makarantun da ba su da shi. Ana saka ta a kwamfuta ɗaya, a kai kwamfutar inda ake da intanet a sauke darussan da ake so sau ɗaya, ko a kwafo su da filash. A makaranta sai a haɗa kwamfutar da na'urar rarraba Wi-Fi, ko da babu data a cikinta. Kwamfutocin hannun su hau wannan Wi-Fi ɗin, a rubuta adireshin da Kolibri ta nuna, wanda galibi yana ƙarewa da 8080, sai darussan su buɗe. Malami na iya ware wa ajinsa darasi, ya shirya gwaji, ya ga wanda ya gama da wanda ya maƙale. Manhajar Kiwix kuma tana ba da damar ajiye Wikipedia, har da ta Hausa, a karanta ba tare da intanet ba.

Ku sa ido kan abu uku. Idan aka rufe murfin babbar kwamfutar ta yi barci, ajin duka zai tsaya, don haka a kashe wannan tsarin a saitinta. Idan aka kashe na'urar Wi-Fi aka kunna, adireshin na iya sauyawa, sai a sa wanda ya iya ya kafe shi wuri ɗaya. Ƙaramar na'urar Wi-Fi irin ta gida kuma takan shaƙe idan na'urori da yawa suka buɗe bidiyo a lokaci guda. Maganinsa shi ne yara biyu su zauna kan kwamfuta ɗaya, a kunna 20 kawai. Wannan ma ya fi amfani, domin suna tattaunawa a tsakaninsu.

Sai gargaɗin da ya fi duk waɗannan nauyi. Ƙasar Peru ta raba wa yaran firamare dubban ɗaruruwan kwamfutoci a ƙarƙashin shirin One Laptop per Child. Binciken da aka fitar a 2012 ya duba makarantun karkara 319 bayan wata 15 da rabon, bai ga ƙarin komai a makin lissafi da na harshe ba. Yaran sun iya sarrafa kwamfuta, amma ba a ɗaura ta a kan darasin da malami yake koyarwa ba. Saboda haka kada ku ce kowane malami ya yi amfani da su. Ku zaɓi darasi ɗaya da yara ke shan wahala a kai, aji ɗaya, da malamai biyu masu sha'awa. A sa lokacin a jadawali, sau biyu a mako. A yi gajeren gwaji a farkon zango da ƙarshensa. Abin da kuka gani shi zai nuna muku ko a faɗaɗa. Game da tsoron lalacewa kuwa, ku sa a ranku cewa ɗaya ko biyu za su fashe, ku saya musu riga da gilashin kariya, ku rubuta wa yara dokoki uku ko huɗu a bango.

TAMBAYA: Mun shirya wa malamanmu bitar kwana uku kan amfani da kwamfuta wajen koyarwa. Kowa ya yaba, an raba takardar shaida. Bayan wata ɗaya na zaga azuzuwa, ban ga mutum ɗaya da ya sauya yadda yake koyarwa ba. Laifin malaman ne ko na masu horarwar? Daga wani jami'i mai kula da horar da malamai.

AMSA: Ranka ya daɗe, laifin tsarin ne, kuma abin da kuka gani an gan shi a ƙasashe da dama. A 2007 wasu masana a Amurka, ƙarƙashin jagorancin Kwang Suk Yoon, sun tace bincike sama da 1,300 kan horar da malamai, tara kacal suka cika sharuɗɗan inganci. A cikin taran nan, horon da bai wuce awa 14 ba bai nuna wani tasiri a kan sakamakon ɗalibai ba. Bitar kwana uku, in aka cire jawabin buɗe taro da hutu da rabon takarda, da ƙyar ta wuce wannan adadin.

Matsala ta biyu ita ce abin da ake koyarwa a wurin. An saba tara malamin Hausa da na kimiyya da na lissafi a zaure ɗaya a nuna musu yadda ake buɗe PowerPoint. Punya Mishra da Matthew Koehler sun bayyana a 2006 cewa sanin na'ura ba ya amfanar malami sai ya haɗu da sanin darasinsa da sanin yadda ake koyar da wannan darasin. Malamin kimiyyar sinadarai yana buƙatar ya zauna da gwaje-gwajen PhET na Jami'ar Colorado, waɗanda ake yi a kan kwamfuta, ya ga yadda zai sa ɗalibai su daidaita lissafin haɗuwar sinadarai da hannunsu. Malamin lissafi yana buƙatar manhajar GeoGebra, ya ja ɗigo a gefen da'ira yara su ga kusurwar ba ta sauya ba. A raba malamai bisa darussansu, kowa ya fita daga bitar da darasi ɗaya kammalalle wanda zai koyar a mako mai zuwa.

Abin da ya fi muhimmanci yana zuwa ne bayan an watse. Matthew Kraft da abokan aikinsa sun haɗa bincike 60 a 2018 kan tsarin da ƙwararre yake shiga ajin malami, ya kalli darasi, su zauna su tattauna, ya sake dawowa. Sun samu ingantuwa mai yawa a koyarwa, da ingantuwa a sakamakon ɗalibai, kodayake tasirin yana raguwa idan shirin ya ɗebi malamai masu yawa. A yankin Kisumu na Kenya kuma an gwada hanya uku wajen koyar da karatu: ba yara na'urar karatu, ba malamai kwamfutar hannu, ko ba masu zagayen taimaka wa malamai kawai. Duka ukun sun haifar da ci gaba kusan iri ɗaya, amma ta ukun ce ta fi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Idan ba ku da isassun masu zagaye, waya za ta cike wani gurbin. A haɗa malamai biyu-biyu. Kowane mako biyu ɗaya ya ɗauki minti 10 zuwa 15 na darasinsa, wayar a kwance a bayan aji kan wani abu da ba ya motsi, a rufe layin kira don kada ya katse ɗaukar. Ya fara kallo shi kaɗai, sannan su zauna da abokinsa na minti 20 su duba abu ɗaya tak. Misali, daƙiƙa nawa yake jira bayan ya yi tambaya? Mary Budd Rowe ta gano tun shekarun 1970 cewa yawancin malamai ba sa wuce daƙiƙa ɗaya, kuma idan suka kai uku, amsoshin yara suna ƙara tsawo, masu amsawa suna ƙara yawa. Malami ba ya yarda yana yin haka sai ya gani da idonsa, gani kuwa ya kori ji.

Wannan tsarin yana rushewa ne ranar da aka yi amfani da bidiyon wajen tuhumar malami ko hana shi ƙarin girma. Daga ranar kowa zai riƙa ɗaukar darasin da ya shirya don nunawa. Bidiyon na malamin ne, shi zai goge shi bayan tattaunawa. A sanar da iyaye, kuma kada fuskar yaro ta fita zuwa kafofin sada zumunta. Idan za ku buɗe zauren WhatsApp, kada ya wuce mutum 15 masu koyar da darasi ɗaya, da maudu'i ɗaya a mako da mai jan ragama, in ba haka ba gaishe-gaishe da saƙonnin turawa za su binne aikin.

TAMBAYA: Muna da majigi, amma rubutun ba ya fitowa sosai da rana, yara kuma kwafa kawai suke yi ba sa saurarena. Daga wata malamar kimiyya.

AMSA: Malama, ajin da haske ke shiga yana son majigin da ƙarfin haskensa ya kai lumen 3,000 ko fiye. Kafin ku nemi sabo, ku rufe tagogin da ke kusa da allon kawai, ku matso da majigin, ku yi baƙin rubutu a kan fari, girmansa kada ya gaza 28. Ku share matatar ƙurar da ke gefensa, domin idan ta toshe yana zafi ya kashe kansa. Idan sauti ba ya fita, ku duba wayar haɗin: VGA hoto kawai take ɗauka, HDMI ce ke ɗaukar duka biyun.

Kwafar kuwa ku kuka ba su abin kwafa. Richard Mayer ya nuna cewa idan ana karanta wa mutum rubutun da yake gani a allo alhali ga hoto, hankalinsa yana rabuwa. Ku sa hoton zuciya ko na ƙwayar halitta da kalmomi kaɗan, bayanin ya fito daga bakinku. A PowerPoint, danna baƙin B yana mayar da allon baƙi, idanu su dawo kanku.

TAMBAYA: Ina so in riƙa ɗaukar darasi a bidiyo ina tura wa ɗalibaina na kwalejin horar da malamai. Na gwada na minti 45, kaɗan ne suka kalla. Daga wani malamin kwaleji.

AMSA: Malam, tsawon ne. Philip Guo da abokansa sun duba kallo kusan miliyan 7 a edX, wani dandalin karatu ta intanet, a 2014, suka ga yawancin masu kallo ba sa wuce minti shida komai tsawon bidiyon. Ku yanka darasin gida-gida, kowane yanki batu ɗaya, ku rufe shi da tambayar da za a kawo amsarta aji. Murya ta fi hoto muhimmanci: ɗaki marar amo, makirufon abin sauraren kunne kusa da baki. Ku aza wayar tana kallon takarda daga sama kuna rubutu kuna bayani. Manhajar HandBrake tana rage nauyin bidiyo kafin turawa. Inda babu abin nunawa, saƙon murya ya wadatar.

TAMBAYA: Abokan aikina suna amfani da ChatGPT wajen rubuta shirin darasi, ɗalibai kuma suna kawo aikin gida da nake zargin ita ta rubuta. Ya halatta malami ya dogara da ita? Kuma yaya zan kama masu yi? Daga wata malamar babbar sakandare.

AMSA: Malama, amfani da ita daban, dogara da ita daban. Irin wannan ƙirƙirarriyar basira tana harhaɗa kalmomin da suka fi dacewa su biyo juna ne, shi ya sa takan kawo shekarar da ba daidai ba, ko sunan littafin da babu shi, cikin lafazi mai gamsarwa. Kuskurenta ya fi yawa a harsunan da ba su da rubutu mai yawa a intanet. Tana da amfani wajen fitar da tambayoyi 20 ku zaɓi biyar, ko sauƙaƙa wani nassi don masu rauni a karatu. Ku gaya mata ajin, da shekarun yaran, da tsawon darasin, da kayan da kuke da su, da abin da aka koyar a makon jiya, in ba haka ba za ta ba ku shirin da ya dace da ajin da ba naku ba. Duk lissafin da ta kawo ku yi shi da hannu, duk shekara da suna ku duba a littafi. Kada a saka mata sunayen ɗalibai ko makinsu. A jagorar da UNESCO ta fitar a 2023 ta ba da shawarar kada yaron da bai kai shekara 13 ba ya yi amfani da ita shi kaɗai.

Batun kamawa kuma, kada ku hukunta yaro bisa manhajojin da ke iƙirarin gano rubutun na'ura. Kamfanin OpenAI da ya yi ChatGPT ya janye tasa manhajar a Yulin 2023 saboda yawan kuskurenta, kuma zargin ƙarya yana ɓata tsakanin malami da ɗalibi na dogon lokaci. Ku sauya fasalin aikin. A rubuta sakin layi na farko a cikin aji da biro, ku sa hannu a kai, a ƙarasa a gida, a kawo daftarin farko tare da na ƙarshe. Ranar karɓa ku kira mutum biyar ba tare da sanarwa ba, kowa minti biyu, ku nuna jimla ɗaya a aikinsa ku ce ya bayyana abin da yake nufi da inda ya samo ta. Ku ware kashi ɗaya cikin huɗu na makin ga wannan bayanin na baka, ku kuma sanar da su haka tun ranar da kuka ba da aikin.